Shekarar Da Na Yi Yawon Roƙon Ɓawon Ɗorawa

Matata ta bar ni muna da shekara arba'in da 'yan kai da aure. Ban dake ta ba, ban zage ta ba, ba ta kuma kwana da yunwa ba. Zafi ne ya kore ta, kuma wannan zafin ni na sa aka gina shi, har na shafa masa shuɗin fenti.

Babban ɗanmu soja ne, kamar 'ya'yan rabin gidajen Zuru. Shekarar da aka ƙara masa igiya ya ce lokaci ya yi da iyayensa za su fita daga ɗakin ƙasa. Ni kuwa abin nema ya samu. Karatuna aji uku ne, na ukun ma ban ƙarasa ba, don malaminmu ya gano ni ne mai zuba masa ƙaiƙayi a kujera. Amma da aka zo maganar gini sai na wayi gari injiniya. Na sa aka rushe ɗakin uwargida, wanda aka kawo ta cikinsa tana amarya. Aka ɗora bulo, ɗaki biyu da falo, aka buga kwano mai walƙiya ba silin, aka sa ƙatuwar tagar gilashi tana fuskantar yamma don masu wucewa Rikoto su ga labulenmu. Akwai wata ɗorawa a ƙofar gida da ta girme ni. Na ce tana hana mutane ganin fenti. Masu gawayi suka kwantar da ita cikin yini ɗaya.

Uwargida ta dubi kututturen, ta dube ni, ta sake duban kututturen, kamar mai auna wanda ya fi wani hankali.

Da sanyi komai lafiya lau. Da bazara ta kama sai falo ya koma tanda. Daga hantsi kwano zai fara ƙara kamar ana soya gyaɗa a kansa, da la'asar rana ta shigo ta tagar nan ta zauna da mu. Uwargida tana da hawan jini, ƙafafunta suka kumbura, kanta ba ya daina sara. Inuwar da za ta gudu gare ta kuwa na riga na mai da ita gawayi. Wata Litinin da safe ta ɗaure kayanta a zane, ta ja akuyarta, ta ce za ta gidan wanta a Dabai.

Na ce, "Yaji ne, Maman yara? Da furfura?"

Ta ce, "Ba yaji ba ne. Ni dai ban shirya dahuwa ba tukuna. In ka sami ɗakin da mutum zai zauna da tsakar rana ya tsince wake, ka aiko."

Na ɗauka kwana uku ne. Ta yi damina a can, ta yi kaka. Na je biko sau uku, kowane zuwa da albishir. Na farko na ce na sa fanka. Ta ce iskar tanda ma iska ce. Na biyu na ce an kawo sola. Ta ce ai sai in gaishe da ita. Na uku ban ma sami bakin magana ba, don wanta ya nuna mini wani fili a bayan gidansa ya ce ya ba ta, ta noma gyaɗarta a baɗi. Na san halin matata. In ta zuba iri a ƙasa, ko ni ne a gadon asibiti sai ta cire gyaɗarta za ta zo. In ruwan farko ya same ta a Dabai, shekara ta biyu ta tafi ke nan, kuma masu shekarunmu ba su da shekarun zubarwa.

Dole ce ta kai ni wurin taubashina.

Ɗan gwaggona ne, ya ba ni shekara biyu. Shi musulmi, ni ɗan coci, tun muna kiwon awaki a kan dutse muke tsokanar juna. Magini ne. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana ɗora bulo a Kontagora da Kaduna, har benaye ya hau, sannan ya dawo gida ya koma gini da ƙasa. Mutane suka ce ya tsufa ne. Ni ne ma na fi kowa faɗa. Lokacin ginina ban neme shi ba, na ce ba rumbu nake so ba.

Na same shi yana gyaran kwalbati a ƙofar gidansa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Bawana, an ce yanzu kai ke tuƙa tuwo."

"Ina tuƙawa, kuma ya fi na gidanka."

"Shi ya sa karenka ya koma maƙwabta."

Na bar shi ya more. Da ya gama na faɗa masa abin da ya kawo ni. Sai ya ajiye cokalin gininsa, ya wanke hannu, ya ce mu je ya gani.

Bai ko kalli gidan fenti ba. Bayan gida ya zagaya, inda ƙasar tsohon ɗakin take a tare, ciyawa ta rufe ta. Shekara biyu ina cewa zan kira tifa ta kwashe, ƙyuya ta hana. Ya tona da hannu, ya ɗebo, ya shinshina. Ya tofa mata ruwa, ya dunƙula, ya ɗaga daidai ƙirjinsa ya saki. Dunƙulen ya baje kaɗan amma bai tarwatse ba. Ya ɗan taɓa a harshe.

Ya ce, "A duk rayuwarka abu ɗaya ka yi na hankali, shi ma ƙyuya ce ta yi maka. Wannan ƙasar kakanmu ya cuɗa ta. Ta sha hayaƙi, ta sha rana, ta riga ta koyi zama bango. Jiƙa ta kawai za mu yi ta tuna aikinta."

Ya tambayi azarar tsohon ɗakin. Na nuna masa inda na jingine su ina jiran ranar da zan faskara. Ya ƙwanƙwasa kowace da bayan gatari yana sauraro, ya ware uku da gara ta taɓa, ya ce sauran za su binne ni su binne ɗana. Tsohon ƙyaure ma da kaji suke kwana a kansa ya ce a wanke. Na ce to yashi tifa nawa za a kawo? Ya ce ko kwano ɗaya. Ya tuna mini da fadamar ubansa ta bakin rafi, inda muke satar rake muna yara. Masu ɗiban yashi sun yi ta cin gindin gaɓar har rabin fadamar ya zube cikin ruwa. Ya ce, "Duk tifar yashi da ka ga ta shigo gari, gonar wani ce take ɗauke da ita."

Na ce, "To siminti fa? Ko shi ma kun yi faɗa?"

"Siminti ya aurar mini da 'ya'ya, ba zan zage shi ba. Gishiri ne. Kai ne ka tuƙa tuwo da shi."

Muka fara bayan Kirsimeti. Ya ce in bar masa kwana biyu tukuna, yana da wata 'yar tafiya. Da ya dawo ya ja layi a gabashin gida, ya sa ƙofa tana kallon kudu, ya bar bangon yamma ba ko huda. Tushe da dutse ya yi shi, duwatsun da muke tsinewa kullum a gonata ta gindin tudu don suna karya garma. Muka kwaso su da amalanke, gona ta huta, gini ya samu. Ya ɗaga tushen har gwiwa, a nan kaɗai ya taɓa siminti, don kada ruwan da ke gudu a tsakar gida ya ci gindin bango.

Aikina shi ne taka ƙasa. A jiƙa ta, a zuba yankakkiyar ciyawa, in shiga da ƙafa in yi ta kirɓawa, a rufe ta kwana biyu ta ruɓa, in sake shiga. Ni da na saba zama a benci ina nuna wa leburori da sanda. Masu wucewa Rikoto da na so su ga labulena, sai ga su suna ganina da gajeren wando, taɓo har cinya. Wani mai babur har tsayawa ya yi ya ɗauke ni hoto da waya.

Amma a nan cikin taɓon na fara kallon hannun mutumin nan. Yakan ɗauki tubali kamar mai ɗaukar ɗan tsako, ya juya shi sau ɗaya, ya san gefen da zai zauna. Ba ya amfani da igiya sai a kusurwa. Bango kamu biyu a ƙasa, yana hawa yana sirancewa, ba ka ganin inda ya rage. In ya yi layi uku sai ya sauka, ya ce sai jibi. Na ce wace irin jibi, ga rana, ga ƙasa, ga ni? Ya ce, "Ƙasa ba ta san matarka ta gudu ba. In ka ɗora mata kaya tana ɗanya, a damina za ta rama." Ranakun jiran nan ba ya zama. Ya saƙa zana, ya gyara ƙyaure, ya sa ni in riƙa zuba shara da tokar murhu a ramin da muka ƙaro ƙasa daga ciki, ya ce kafin shekara wurin ayaba ne. Har ƙarshen aikin nan ban ga an fitar da ko kwandon shara ɗaya daga gidan ba. Abin da ya ragu a nan sai ya shiga can.

In azahar ta yi ya wanke ƙafa ya yi sallarsa a kan buhu, ni kuma in tsare masa kaji kada su bi ta gabansa. Ran Lahadi shi yake kora ta coci, wai in je ko Allah zai shirye ni.

Rufi ya yi shi da tsohon kwanon rumfar awaki, ya toshe hudojin, ya fito da bakinsa waje sosai yadda ruwa zai zuba nesa da bango. A ƙarƙashi ya jera azara, ya shimfiɗa zana biyu, ya bar 'yan kafofi a can sama ta gabas da arewa don iska mai zafi ta sami hanyar fita. Ranar da aka gama na shiga da tsakar rana, sai na ji kamar na sa kai cikin randa. Na fito na shiga falona don in gwada. Ban kai ƙirga goma ba na dawo.

Na ce gobe zan tafi Dabai. Ya ce, "Da sauranka. Saura yaɓe da daɓe, kuma duka biyu makuba suke so. Kawo mini ɓawon ɗorawa buhu shida." Ya dubi ƙofar gida. "Ai kana da ɗorawa, ko?"

Wanda bai sani ba, makuba ruwan ɓawon ɗorawa ne. A jiƙa ɓawon har ruwan ya yi ja kamar shayin da ya kwana, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, a yayyafa a daɓe. In ya bushe ruwan sama zamewa yake yi a kai, gara ma ba ta so. Shekara arba'in uwargida tana tara ɓawon nan a bayan rumbu, ni ina ce masa shara.

Lokacin ɗorawa ta nuna, mata suna ta fashin kalwa don daddawa. Haka na rataya buhu na shiga gida gida. Tsoho da furfura, uban soja, yana sallama yana cewa a taimaka masa da ɓawo. Wata ta ce, "Baba, ba kai ne mai gidan fenti ba? Ai mun ji siminti ba ya son makuba." Wata ta ce in je wurin masu gawayi, wataƙila sun ajiye mini. A gidan shugabar matan cocinmu, ƙawar uwargida tun suna 'yan mata, ba a ba ni kyauta ba. Ta ajiye mini kujera 'yar tsugunne da tulin ɗorawa, ta ce wanda na ɓare nawa ne. Na yi yini uku a tsakiyar mata, hannu duk rawayan gari, suna hirar mazajen da ba su jin magana, ba su kama suna ba.

Da buhu shida suka cika, taubashina ya yi yaɓe ciki da waje. Bangon ya fito ja mai duhu, sumul, in ka shafa kamar bayan tulu. Sannan ya zuba jar tsakuwar marmara a ƙasan ɗakin, ya baje, ya tattara kayan aikinsa.

Na ce, "Ina zuwa? Daɓen fa?"

Ya ce, "Ban iya ba."

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Mutumin da ya hau bene. Ya ce shi iyakarsa bango da rufi. Daɓe na mata ne, hannu ashirin ne ke sauka tare, waƙa ke riƙe musu bugu, in ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya sai ya tsage. Uwarsa ta yi, matarsa ta yi, shi bai taɓa riƙe madaɓi ba, kuma ba zai ɓata ɗakin da ya wahala a kai don kunyar cewa bai iya ba.

Na koma wurin shugabar mata. Ta ce, "Baban yara, ka taɓa jin namiji ya kira daɓe? Mai ɗaki ke kira. Ita ta zo mana namu, ita za mu je wa. In ta aiko, ko gobe."

Ga ɗaki an gina don ta dawo, ga shi ba zai kammalu ba sai ta dawo. Gabas kuwa ta fara haɗa gira da yamma. Na ari madaɓi a ɓoye na gwada wata kusurwa ni kaɗai. Kafin la'asar kafaɗata ta riƙe, washegari wurin ya tsattsage kamar ƙasan tafki a rani. Taubashina ya leƙo ya gani, ya juya ya tafi, abin da ya fi zagi ciwo.

Na hau mota zuwa Dabai. Na same ta a filin nan, an share shi tas, tana zaune a kan dutse tana ɓarar gyaɗar iri a ƙwarya.

"Maman yara, ɗaki ya tashi."

"Na ji. Har labarin buhu na ji."

"Saura daɓe. Sun ce sai mai ɗaki ta kira."

Ta ci gaba da ɓara. "Wancan da ka rushe, ka tambaye ni?"

"Ban tambaya ba."

"Ɗorawa fa?"

"Ita ma."

"Wannan da ka gina, ka tambaye ni inda nake son ƙofa?"

Sai a lokacin na ga na sake maimaita kuskurena. Na fara lissafin yadda za a fasa bango a juya ƙofa.

Ta ce, "Kudu na ce, kuma kudu aka sa. Taubashinka ya zo nan sau biyu kafin ya ajiye dutse ɗaya. Ya tambaye ni ƙofa, ya tambaye ni inda randa za ta zauna, har gwiwata ya sa na ɗaga ya ga iya tsayin dokin ƙofar da zan iya tsallakewa. Kai kuwa kullum da albishir kake zuwa."

Na tsuguna. Gwiwata ta yi ƙara har akuyar ta waiwayo. Na ce, "To yau da tambaya na zo. Za ki kira su?"

Ta ce, "Sai na gani da idona. Kuma da tsakar rana."

Washegari ta zo rana na tsaka, ba ta ɗauko ko ɗankwali na biyu ba. Ta shafa bangon, ta shinshina tafin hannunta. Ta gane ƙyaurenta, ta tsaya a kansa kaɗan. Ta dubi kusurwar da na daɓe ta ce wace kaza ce ta yi tono a nan. Sannan ta ce in ba ta tabarma in fita. Na zauna a waje tare da taubashina muna jiran hukunci. Shiru, shiru. Da na gaji na leƙa, sai na tarar ta yi barci a kan marmara, ta yi matashi da hannu.

Na ce masa a hankali, "Munafuki. Ka je Dabai ba ka faɗa mini ba."

Ya ce, "Kai za ka zauna a ciki?"

Da ta farka sai ta wuce gidan ƙawarta. Kwana biyu bayan haka mata goma sha huɗu suka cika gidan da madaɓai. Suka jeru a durƙushe, ɗaya ta ba da waƙa da yarenmu na C'lela, sauran suka amsa, katako ya riƙa sauka tare kamar hannu ɗaya. Suna bugu suna ja da baya, uwargida na bin su da ƙwarya tana yayyafa makuba. Rabin waƙar a kaina aka yi ta. Ni ne mai ɗebo ruwa, don haka duk na ji. Taubashina ya zauna a kan kututturen ɗorawa yana kallo, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce mini duk shekarun da ya yi a birni bai ga injin da ya kai wannan ba.

Da yamma matan suka watse. Uwargida ta ce daɓe yana son a riƙa shafa masa makuba safe da yamma har kwana bakwai, kuma ba za ta bar wa mai hannun kaza ba. Ta kwana a rumfa. A rana ta biyar ruwan farko ya sauka, mai iska. Muka tsaya a ƙofa mu biyu muna kallon yadda yake zuba can nesa da bango.

Da gari ya waye ta ce in je Dabai in kwaso mata kayanta da akuyarta, kada kuma in manta ƙwaryar iri, a gonata ta gindin tudu za ta shuka tunda an kwashe duwatsun. Wanta ya taya ni ɗaure kayan a bayan mota. Ya ce filin yana nan, bai ba kowa ba, ko da zan sake yin wata dabara.